Maiƙon da ke yanke wa sojojin jiki hukuncin rai ko mutuwa

Ɓargon ƙashin babban mutum yana ƙera fararen ƙwayoyin jini nau'in nutrofil kimanin biliyan 100 a kowace rana, kuma kusan adadin da aka ƙera shi ne ke mutuwa a ranar. A taimus, wato ƙaramar gaɓar nan da ke bayan ƙashin ƙirji inda ake horar da wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait T, fiye da kashi 95 cikin 100 na ɗaliban ba sa fita da rai. Duk wannan mace-mace na faruwa ba zazzaɓi, ba kumburi, ba mugunya. Idan aka tambayi wane ne ke ba da umarnin a rayu ko a mutu, yawancin littattafan koyarwa sai su nuna furotin: saitokain masu kai saƙo tsakanin ƙwayoyi, Fas mai karɓar umarnin mutuwa a fuskar ƙwaya, da kasfes masu yanka ƙwayar daga ciki. Gaskiya ne, amma rabinta ce. Wani babban kaso na umarnin maiƙo ne ke ɗauke da shi, maiƙon da aka gina tantanin ƙwayar da shi.

Saƙon maiƙo ya sha bamban da na furotin ta fuska ɗaya. Ba a jiran a karanto shi daga DNA. Yana nan a jikin tantani, inzaim, wato furotin mai hanzarta sarrafa sinadarai, ya yanko shi cikin daƙiƙoƙi, ya isar da saƙo, wani inzaim ya rushe shi. Don haka yawansa kaɗai ba ya gaya maka komai. Sai ka san a ina yake, a ciki ko a waje, a jini ko a kaluluwa, da kuma lokacin da ya bayyana. Mafi yawan kurakuran da ake yi a wannan fanni, a ɗakin gwaji ko a gadon asibiti, daga mantawa da wannan suke tasowa.

Tutar da gawa ke ɗagawa

Tantanin ƙwaya ruɓi biyu ne, kuma ba a raba musu maiƙo daidai ba. Fosfatidilserin, wanda ake taƙaitawa PS, yana zaune ne a ruɓin ciki kusan gaba ɗayansa. Ba don kansa yake zama a can ba. Akwai famfuna irin su ATP11A da ATP11C da ke ƙona ATP, makamashin ƙwaya, dare da rana suna mayar da duk PS ɗin da ya leƙo waje. Idan ƙwaya ta shiga mutuwar tsari, wadda masana ke kira afoftosis, kasfes-3 yana yin yanka biyu. Ya yanke famfon, sai ya tsaya cak ba gyara. Ya yanke wutsiyar wani furotin mai suna Xkr8, shi kuma yankan ne ke tashinsa, sai ya hau cakuɗa maiƙon ruɓi biyun. Ɗakin gwajin Shigekazu Nagata a Japan ne ya fito da waɗannan matakai biyu a 2013 da 2014, alhali tun 1992 Valerie Fadok da abokan aikinta suka nuna cewa PS da ya fito waje shi ne alamar da makrofaj, ƙwayar garkuwa mai cinye gawa da ƙwayoyin cuta, ke gani ya haɗiye limfosait mai mutuwa.

Makrofaj yana kama PS ta hanya biyu. Ko dai kai tsaye da makarɓi irin Tim-4, ko ta hannun ɗan tsakani: Gas6 da furotin S suna riƙe PS da hannu ɗaya, su riƙe makarɓin MerTK da ɗayan, haka ma MFG-E8 yake yi da intagirin. Gas6 da furotin S ba sa iya riƙe PS sai bitamin K ya gyara musu kai, shi ya sa warfarin ke raunana wannan hanya, abin da ba kasafai ake tunawa da shi ba. Makrofaj da ya haɗiye gawa ta wannan hanya ba ya tayar da hankali, sai ma ya saki TGF-beta da IL-10 masu kwantar da kumburi. Idan shara ta yi jinkiri kuwa, gawar takan fashe, DNA da kayan cikinta su zube, garkuwar jiki ta ɗauke su a matsayin abokan gaba. Ɓerayen da aka cire wa MFG-E8 suna kamuwa da ciwo mai kama da lufus, inda garkuwar jiki ke kai wa jikin kansa hari.

A amosanin jini, jajayen ƙwayoyin mai sikila suna fito da PS waje fiye da na mai lafiya, ba tare da kasfes ya taka wata rawa mai yawa ba. Kalsiyam ne ke kwarara ciki ya tashi wani mai cakuɗa na daban. Sakamakon shi ne makrofaj na cinye su da wuri, suna manne wa bangon jijiya, kuma PS ɗin ya zama dandalin da jini ke daskarewa a kai. Tuta ɗaya ce, amma a nan ba gawa ce ta ɗaga ta ba.

Gwajin Annexin V, da inda yake yaudara

Annexin V furotin ne da ke manne wa PS idan akwai kalsiyam. Tun tsakiyar shekarun 1990 ake amfani da shi wajen ƙirga ƙwayoyi masu mutuwa a na'urar filo saitomita. Tsarin da aka saba shi ne a wanke ƙwayoyin sau biyu da ruwan gishirin PBS mai sanyi, a zuba su a ruwan ɗauri mai HEPES milimola 10 a pH 7.4, gishirin NaCl milimola 140, da CaCl2 milimola 2.5, a daidaita su zuwa ƙwaya miliyan 1 a kowace mililita. A ɗebi maikrolita 100, a ɗiga Annexin mai launi da rinin PI, wanda ke shiga ƙwayar da tantaninta ya ɓule kawai, gwargwadon yadda mai sayarwa ya rubuta, galibi maikrolita 5 kowanne, a ajiye minti 15 a duhu a zafin ɗaki, a ƙara maikrolita 400 na ruwan ɗaurin, a karanta kafin awa guda ta cika.

Abin da ya fi ɓata gwajin nan shi ne EDTA. Yana kame kalsiyam, Annexin ya saki, sai ka ga kamar babu mai mutuwa. Duk wanda ya ɗebi jini a kwalbar EDTA, ko ya ɓamɓaro ƙwayoyi da tirifsin mai EDTA, dole ya wanke sosai. Amma wannan aibin yana da amfani: a ware kwalba ɗaya a zuba mata EDTA milimola 5 da gangan, duk hasken da ya rage a cikinta ba na PS ba ne. Kada a wanke da PBS bayan an sa rini, don babu kalsiyam a cikinsa. Kada a kafe ƙwayoyin da fomalin kafin rini, domin tantanin zai ɓule Annexin ya shiga ya kama PS na ciki. Makrofaj kuwa masu taurin manne wa faranti, idan aka kankare su da ƙarfi, mai gwajin ne da hannunsa ya kashe waɗanda zai ƙirga. Sannan ruwan da ke saman faranti kada a zubar, matattun a nan suke yawo.

Kuskuren fassara ya fi na hannu muni. Ƙwayar da ta ɗauki Annexin da PI duka biyu, ba za ka iya cewa afoftosis ce ta tsufa ko fashewa ta yi tun farko ba, sai ka bi ta a lokuta daban-daban, awa 2, awa 4, awa 8. Kuma limfosait da aka tayar, ko aka jiƙa da ATP ta makarɓin P2X7, sukan fito da PS na ɗan lokaci su mayar, suna nan da ransu. Wanda ke son ya ce afoftosis ce, ya haɗa da shaidar cewa kasfes-3 ya yanku.

Seramaid da S1P

A 1884 wani likita Bajamushe mazaunin Landan, Thudichum, ya ciro wani maiƙo daga ƙwaƙwalwa ya sa masa suna sfingosin, daga sunan dodon nan mai kacici-kacici na tatsuniyar Girkawa, don ya rasa gane kansa. Sai bayan fiye da ƙarni guda aka gano danginsa na da ta cewa a kan mutuwa. A 1993 Lina Obeid da Yusuf Hannun suka nuna seramaid, ɗaya daga cikin dangin nan, yana jefa ƙwayoyin sankarar jini cikin afoftosis. A 1996 ɗakin gwajin Sarah Spiegel ya nuna cewa sfingosin-1-fosfet, wato S1P, yana hana wannan mutuwar. Tsakanin su biyun taki biyu ne kawai: inzaim seramides ya cire wa seramaid jelar kitsensa ya zama sfingosin, sfingosin kaines ya liƙa masa fosfet ya zama S1P. Ana kuma iya komawa baya, daga S1P zuwa seramaid. Daga nan aka samo ra'ayin ma'auni, idan seramaid ya rinjaya a mutu, idan S1P ya rinjaya a rayu.

Ra'ayin yana da daɗin koyarwa, sai dai ya yi sauƙi da yawa. Seramaid ba abu ɗaya ba ne. Inzaim shida ke ƙera shi, kowanne da tsawon jelar da yake so, kuma mai kabon 16 ba aikinsa ɗaya da mai kabon 24 ba. Wanda sfingomayelines mai son tsami ya yanko a fuskar tantani yana tattara makarɓan Fas wuri guda su yi ƙarfi, wanda ya taru a maitokondiriya, injin makamashin ƙwaya, kuma yana taimaka wa furotin Bax ya huda ta. A ɗakin gwaji an fi amfani da gajerun seramaid, C2 da C6, saboda su ne ke narkewa. Ba su ne na jiki ba, kuma idan aka yi musu yawa tantani kawai suke lalatawa kamar sabulu. Duk gwajin da ba a sa daihaidroseramaid mai tsawo ɗaya, wato ɗan'uwan seramaid da ba ya jawo afoftosis, a gefe don kwatance ba, a karɓe shi da hannu bibbiyu amma kada a yi masa rantsuwa.

Masu ajiyar hatsi suna da alaƙa da wannan ba su sani ba. Gubar fumonisin, wadda funfunar Fusarium ke zubawa a masara, aikinta shi ne toshe inzaim mai ƙera seramaid. Masu bincike har sayenta suke yi don su rufe wannan hanya a gwaji.

Inda S1P ya fi nuna kansa shi ne a zirga-zirgar limfosait. A ruwan jini yawansa ya kai ɗaruruwan nanomola har zuwa kusan maikromola 1, mafi yawa a goye a bayan HDL, masu ɗaukar maiƙo a jini, ta hannun furotin ApoM, saura a kan albumin. Jajayen ƙwayoyin jini da ƙwayoyin bangon jijiya ne ke zuba shi. A ruwan limf ya ragu amma yana da yawa. A cikin naman kaluluwa da taimus kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai, saboda wani inzaim, S1P layes, yana rushe shi babu fashi. Limfosait da ya gama sintiri a kaluluwa yana shinshinar S1P da makarɓin S1PR1, ya bi inda ya fi yawa, ya fita. Da ya shiga jini, yawan S1P ɗin ya sa ya haɗiye makarɓin nasa, sai ya sake jin kiran kaluluwa ya koma. A can makarɓin ya sake tsirowa. Haka yake kewayawa. Idan cuta ta shigo, furotin CD69 yana danne S1PR1, a rufe ƙofa, a riƙe limfosait a kaluluwa har su gana da abokin gaba. Wannan na cikin dalilan da kaluluwa ke kumbura.

Yadda aka gano rawar layes ɗin abin sha'awa ne. An daɗe da lura cewa wani sinadari mai suna THI da ke cikin launin karamel na abinci yana rage limfosait a jinin ɓeraye, musamman waɗanda ba su da isasshen bitamin B6. A 2005 Susan Schwab, a ɗakin gwajin Jason Cyster a San Faransisko, ta nuna cewa THI layes yake hanawa aiki, kuma layes ɗin da B6 yake dogara. S1P ya ninka fiye da sau 100 a kaluluwa, ciki da waje suka zama ɗaya, limfosait suka rasa hanyar fita. An ƙara S1P ne, amma sakamakon daidai yake da an cire shi. Daga baya, a 2017, ɗakin gwajinta a New York ya nuna S1P ɗin da bangon jijiyar limf ke fitarwa ba jagoran hanya kaɗai ba ne, yana kuma riƙe lafiyar maitokondiriyar limfosait T da ba su taɓa yaƙi ba, idan babu shi sai su riƙa mutuwa.

Maganin da ke kulle ƙofa

Fingolimod ya samo asali ne daga myriocin, sinadarin wata funfuna mai cin ƙwari, Isaria sinclairii, wanda masana a Japan ƙarƙashin Tetsuro Fujita suka sarrafa a farkon shekarun 1990. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2010 don cutar MS, wadda garkuwar jiki ke cin rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Ana shan miligiram 0.5 sau ɗaya a rana. Jiki ne ke liƙa masa fosfet ya koma kamar S1P, ya hau S1PR1, ya tashe shi da farko, sannan ya sa a haɗiye makarɓin a niƙe shi maimakon a dawo da shi.

Wannan tashin na farko shi ne dalilin da ya sa ake tsare majiyyaci awa 6 bayan ƙwayar farko, ana duba bugun zuciya da hawan jini kowace awa, da gwajin ECG kafin da bayan. Akwai makarɓin a ƙwayoyin zuciya, kuma yana rage bugu kafin ya dushe. Wanda ya yi fashin sha fiye da mako biyu, sai an sake tsare shi kamar sabo. Cikin makonni biyu limfosait a jini kan sauka zuwa kusan kashi 30 cikin 100 na yadda suke. Mai karanta sakamakon gwaji da bai san maganin ba zai ɗauka mutuwa suka yi, alhali suna nan a tsare a kaluluwa, kuma sukan dawo cikin wata ɗaya zuwa biyu bayan an daina. Dawowar ma akwai haɗari, domin wasu cutar kan taso musu da ƙarfi fiye da da. Kafin a fara ana tabbatar da garkuwar cutar ƙaranbau, ana duba ido saboda kumburin tsakiyar gani da kan bayyana a watanni 3 zuwa 4 na farko, kuma ba a ba mai ciki.

Mai son auna S1P a jini ya kula da abu uku. Ya yi amfani da filasma, ba siram ba, domin faranta masu daskarar da jini suna cike da S1P kuma suna zubar da shi yayin daskarewa. Ya watsar da duk samfurin da jajayen ƙwayoyi suka fashe a ciki. Kuma ya rubuta yawan jinin majiyyacin da albumin da HDL, tunda su ne tushe da abin hawa. An samu S1P ya yi ƙasa a jinin yara masu zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa a Uganda, a wani bincike na 2011, amma yaro mai wannan ciwo jininsa da farantansa duk sun ragu, don haka fassarar adadin sai da lura.

Tarin fuka da yadda makrofaj zai mutu

Nan ne maganar ta fi taɓa mu, ganin Najeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yi wa nauyi. Ƙwayar cutar tana zaune a cikin makrofaj, kuma ba mutuwarsa ce damuwarta ba, irin mutuwar ce. Idan ya yi afoftosis, tana ƙunshe a cikin gawa mai tantani lafiyayye, wani makrofaj ya haɗiye su tare ya kashe ta, kuma a kai guntayenta ga limfosait T. Idan ya fashe, ta fito ta bazu.

Maiƙon da ke raba gardama duk daga uwa ɗaya suke, arakidonik asid, mai kabon 20, wanda ake yankowa daga tantani. Idan ya bi hanyar COX-2 ya zama PGE2. Idan ya bi hanyar laifoksijines ya zama LTB4 mai kiran nutrofil, ko laifoksin A4 mai kwantar da kumburi. Ayyukan Samuel Behar da Heinz Remold da Maziar Divangahi a Boston, a 2008 da 2009, sun nuna cewa nau'in cutar mara ƙarfi yana sa makrofaj ya yi PGE2, wanda ke kare maitokondiriya kuma ya sa a liƙe hujin da cutar ta yi wa tantani. Nau'i mai ƙarfi kuwa laifoksin A4 yake sa a yi, shi kuma ya danne COX-2, babu PGE2, babu faci, sai fashewa. Laifoksin da ake yabo a matsayin mai sulhu, a nan shi ne ɗan leƙen asirin abokin gaba.

Lalita Ramakrishnan da David Tobin sun zo ta wata ƙofar, da ɗan kifin zebra mai jiki garai-garai. A 2010 da 2012 suka nuna inzaim LTA4H, mai ƙera LTB4, yana da haɗari ta gefe biyu. Idan ya yi kaɗan, laifoksin ya yi yawa, saitokain TNF mai tayar da kumburi ya gaza, cuta ta yi girma. Idan ya yi yawa, LTB4 da TNF su wuce kima, makrofaj ya fashe, kuma seramaid na cikin masu aiwatar da wannan fashewar. A masu tarin fuka na ƙwaƙwalwa a Biyetnam, sun ga cewa masu gadon LTA4H mai ƙarfi daga iyaye biyu su ne suka fi amfana da deksametason. Lura ce da aka yi a bayanan da aka riga aka tattara, ba hujjar hana kowa maganin ba. Haka nan kada wani ya ji cewa PGE2 na kariya ya yanke hukunci a kan ibuprofen da danginsa: a wasu ɓeraye masu babban rauni a huhu, ibuprofen rage ɓarna ya yi. PGE2 na farkon kamuwa da na ƙarshen ciwo ba aiki ɗaya suke yi ba.

Akwai kuma mutuwar da maiƙon kansa ne makamin. A 2012 ɗakin gwajin Brent Stockwell ya raɗa mata suna feroftosis: ƙarfe yana sa maiƙon tantani ya yi tsatsa, kamar man gyaɗa da ya daɗe a rana ya canza wari, tsatsar ta bi tantani har ya yage. Inzaim GPX4, mai ɗauke da seleniyam, shi ke gogewa. Limfosait T na ɓera da aka cire wa GPX4 ba sa iya yaɗuwa idan cuta ta zo, kuma bitamin E mai yawa a abinci yana ceto su. A 2019 an nuna makrofaj masu tarin fuka na mutuwa ta wannan hanya, kuma ferostatin-1, sinadari mai hana feroftosis, ya rage ruɓewar huhu a ɓeraye. Maganin toshe kasfes, kamar zVAD, ba ya hana ta. Wanda ƙwayoyinsa ke mutuwa a faranti kuma zVAD ya kasa ceto su, ya gwada ferostatin-1 maikromola 1, sannan ya duba siram ɗin da yake ciyar da su, domin seleniyam da bitamin E da ke ciki sukan bambanta daga kwalba zuwa kwalba.